Igwa ce ta ci Kustantiniyya, ko ganuwar ce ta rasa masu tsaronta?

Bakatsine_MaiTambaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu bin tarihin Rumawa ce. Ganuwar da aka yi wa Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, a zamanin sarki Tiyodosiyus na Biyu an kammala ta a 413, kuma babu rundunar da ta fasa ta da ƙarfin tsiya ta ɓangaren tudu sai a 1453, a hannun Sultan Muhammadul Fatih. Shekara 1,040 ke nan. Abin da aka saba faɗa shi ne igwa ce ta kawo ƙarshenta, wai da albarushi ya zo zamanin ganuwa ya wuce. Ni dai abin bai kwanta mini ba. In igwa ce kaɗai, me ya sa aka kwana 53 ana ɓarin wuta kafin a shiga? A ganina ganuwar ba ta gaza ba, mutanen da za su tsaya a kanta ne suka ƙare. Me kuka gani?

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Kafin a yanke hukunci, ɗan'uwa, ya kamata a san me ake nufi da ganuwar nan, domin mutane da yawa katanga guda suke hangowa a ransu. Wanda ya taso daga yamma, abin da zai fara cin karo da shi gwalalo ne mai faɗin wajen mita 20, an ɗaure gefunansa da dutse, a bakinsa na ciki kuma akwai 'yar gajeruwar katanga. In ya tsallake wannan sai ya faɗa fili fetal, ba wurin fakewa, kibau na zubo masa. Sannan ya tarar da ganuwar waje, tsayinta kamar mita 8 zuwa 9, da nata hasumiyoyin. In Allah ya sa ya haye ta, sai ya sake faɗawa wani filin da ke tsakanin ganuwa biyu, nan ne wurin mutuwa na sosai, domin babbar ganuwar ciki tana tsaye a kansa, tsayinta wajen mita 12, kaurinta wajen mita 5, da hasumiyoyi 96 da wasunsu suka kusa mita 20. An jera hasumiyoyin waje a tsakankanin na ciki, ta yadda maharban baya suna harbi ta saman kawunan na gaba ba tare da sun tare wa juna ba. Duk wannan ya miƙe kusan kilomita 6 daga gaɓar Tekun Marmara ya nufi arewa. Injin jifan dutse na wancan zamani ko kusantar ganuwar ciki ba ya iya yi yadda zai yi mata illa.

Sarkin_Magina:
Injiniya ya faɗi tsari, bari in ƙara da na hannu. Ni aikina gini ne, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗora ta. Fuska biyu na sassaƙaƙƙen dutse, tsakiya a cika da tsakuwa da kwaɓin farar ƙasa da aka haɗa da garin gasasshen tubali. Bayan an hau 'yan sahu na dutse sai a shimfiɗa sahu biyar na jan tubali da ya ratsa kaurin katangar daga wannan fuska zuwa waccan, ya ɗaure ta. Shi ne jan layin da ake gani a hotuna. Irin wannan kwaɓi ba ya ƙagewa kamar siminti, yana ɗan ba da kai in ƙasa ta motsa. Hasumiyoyin ma ba a sarƙe su da jikin katangar ba, don in nauyi ya sa ɗaya ta zauna kada ta ja ɗayar. Wanda ya yi wannan ya san ƙasar da yake gini a kanta.

Ummu_Safiyya:
Amma Sarkin Magina, ai girgizar ƙasa ta taɓa rushe ta tun ba a je ko'ina ba. A 447 ne, hasumiyoyi 57 suka zube, ga Atila sarkin Hunawa yana ɓarna a yankin Balkan, ba nisa. Abin da ya sa na kawo wannan, yana goyon bayan mai tambaya ne. Hakimin da ke riƙe da al'amura, Kustantinus, ya tara jama'ar gari, har da ƙungiyoyin magoya bayan tseren keken doki, masu shuɗi da masu kore, waɗanda kullum ba sa ga maciji da juna, suka tayar da ginin cikin kwana 60. Rubutun da ke shaidar haka yana nan a jikin ƙofar da Turkawa ke kira Maulawihane. Birnin da zai iya fitar da hannayen da za su yi wannan aiki cikin wata biyu, shi ne birnin da ba a ci. A 1453 ina waɗannan hannayen suke?

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
Hajiya, ba gini ne ya mayar da Atila ba, zinariya ce. Gandun da ake biyansa duk shekara ya tashi daga zinariya mai nauyin fam 350 zuwa 700, bayan wannan yaƙin ya kai fam 2,100, ban da bashin baya na fam 6,000. Rumawan gabas sun iya sayen zaman lafiya, shi ya sa suka daɗe. Ganuwa ado ce.

Ummu_Safiyya:
Alhaji, ado kuma? Wanda zai iya shiga ya kwashe taskar gaba ɗaya, me zai sa ya zauna ciniki a kan fam 2,100? Ganuwar ce ta sa ya yarda a yi ciniki tun farko.

Tsohon_Soja_63:
Duk ku biyun kuna da gaskiya, amma ni zan yi magana a matsayin wanda ya yi gadi da dare. Katanga ba ta gani, ba ta ji. Mutum ne yake kwana a kanta cikin sanyi, ga yunwa, ga albashi bai zo ba, kuma ranar da zuciyarsa ta karaya an gama. Ku dubi birnin Rum na yamma. Yana da ganuwar da sarki Aureliyan ya fara a 271, wajen kilomita 19, ba ƙaramar ganuwa ba ce. A 410 Alarik sarkin Gotawa bai fasa ta ba, yunwa ta ci garin, aka buɗe ƙofar Salariya daga ciki. A 537 Balisariyus kwamandan Rumawa ya riƙe wannan ganuwar dai da mutum kamar 5,000 a gaban Gotawa har shekara guda da 'yan kwanaki, suka gaji suka tafi. A 546 kuma Totila sarkin Gotawa ya shige ta saboda wasu masu gadi 'yan Isawuriya sun yi yarjejeniya da shi sun buɗe masa ƙofa. Dutsen bai canza ba tsakanin 537 da 546. Wanda ke tsaye a kai ne ya canza.

MaiTarihi_Damagaram:
Baba Soja, Allah ya ƙara lafiya. Zan ƙara maka da Amida, wadda yau ake kira Diyarbakir, mai ganuwar baƙin dutse. A 502 Kawad sarkin Farisa ya yi mata ƙawanya, ya sa aka tara tudun ƙasa don ya kai tsayin ganuwar. Mutanen gari suka haƙo rami daga ciki har ƙarƙashin tudun, suka yashe shi suna tokarewa da itace, da Farisawa suka hau sai aka cinna wa itacen wuta, tudun ya rufta da su. Wata uku ana wannan. A ƙarshe, a farkon 503, ta wata hasumiya da masu gadinta barci ya kwashe aka shiga. To amma ina so in ja hankalinmu kada mu mai da maganar ta zama mutane kawai. Kustantiniyya tana da abin da Rum da Amida ba su da shi: ruwa ya kewaye ta gefe biyu. Muddin jiragenta na riƙe da teku, ba a iya sa mata yunwa.

Ɗalibi_a_Santambul:
Ina karatu a nan, kuma nakan bi gindin ganuwar da ƙafa in na samu sarari. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. In ka taso daga Yedikule ta kudu, inda Ƙofar Zinariya take da farin marmara, kana tafe kana hawa a hankali har Topkapi, daga nan sai ƙasa ta gangara cikin kwari, inda ƙoramar Likus take shiga gari a da, yanzu babban titi ne ya bi ta wurin, sannan ta sake hawa zuwa Edirnekapi. In ka tsaya a kan tudun waje kana kallon kwarin, ganuwar tana ƙasa da kai. Nan Sultan ya kafa manyan igwoginsa, kuma har yau nan ne ya fi ko'ina ragargajewa, hasumiyoyi a tsage, wasu rabi kawai ya rage. Can kudu kuwa cikin tsohon gwalalon lambuna ne, za ka ga tsofaffi sun duƙa suna cirar latas da albasa a gindin hasumiyar da ta haura shekara 1,500.

Bakatsine_MaiTambaya:
Na gode ƙwarai ɗalibi. Wannan kwarin ai tun 413 yake nan, kowa ya san shi ne lagon garin. Me ya hana na farko su ci ta nan?

MaiTarihi_Damagaram:
Sun gwada. A 626 Khaƙan, wato sarkin Awarawa, ya kafa injinan jifa da hasumiyoyin katako a wannan tsakiyar. Wannan shekarar ta fi kowace tsanani a ganina, domin sarki Hirƙal ba ya gari, yana gabas yana fama da Farisa, yaƙin nan dai da farkon Suratur Rum ya yi ishara da shi. Ya bar birnin a hannun babban limamin coci Sarjiyus da wani basarake Bonus. Rundunar Farisa ƙarƙashin Shaharbaraz tana tsallaken Bosforus a Kalsidon, suna hango juna da Awarawa, amma ba jirgi. Dabarar ita ce Silabawan da ke tare da Awarawa su yi jigilar Farisawa da kwale-kwalensu na sassaƙen gungume. Jiragen Rumawa suka tare su suka nutsar. Da aka sake turo kwale-kwalen ta mashigin Ƙahon Zinariya don su far wa gefen unguwar Balakarna, nan ma aka hallaka su. Khaƙan ya ƙona injinansa ya juya cikin watan Agusta. Da a ce Farisawa, waɗanda suka ƙware a fasa birane, sun samu hayewa, ban san yadda za ta kaya ba.

Injiniya_Zazzau:
Akwai wani abu a 626 da ba a cika ambata ba. Awarawa sun yanke hanyar ruwan da ake kira ta Falens, wadda ke kawo ruwa daga dazuzzukan Tarakiya, tafiyar da ta haura kilomita 200. Ba a gyara ta ba sai wajen 766, zamanin Kustantin na Biyar. Shekara 140 gari yana rayuwa ba ita. Abin da ya riƙe shi ma'ajiyoyin ruwa ne: manyan tafkuna na buɗe kamar na Ayetiyus da na Aspar, da na ƙarƙashin ƙasa irin wanda Jastiniyan ya gina mai ginshiƙai 336, wanda ke ɗaukar ruwa wajen mita kubik 80,000. Kuma ku lura, Tiyodosiyus ya tura ganuwar gaba da tsohuwar ta Kustantin da fiye da kilomita guda, filin da ke tsakani bai taɓa cika da gidaje ba. Tafkuna da gonaki da lambuna ne a ciki. Gari ne da ya shigar da gonarsa da ruwansa cikin ganuwa.

Almajirin_Zaure:
Allah ya gafarta malamai, ya batun sahabbai? Na ji an ce kabarin Abu Ayyubal Ansari yana can.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Yana nan ɗana, na ziyarce shi lokacin da muka je sarin kaya. Unguwar ma sunansa take ɗauke da shi, Ayyub Sultan, a wajen ganuwa ta gefen mashigin ruwa. Akwai masallaci da wata tsohuwar bishiya a farfajiya, mutane cike, har da yara sanye da fararen kaya da iyayensu suka kawo kafin a yi musu kaciya. Na tsaya na yi masa sallama, raina ya sosu, mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa a Madina, ga shi kwance a nan, da tsufansa ya fito.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Allah ya karɓi ziyara Hajiya. Ya rasu ne a yaƙin da aka fita zamanin Mu'awiya, Yazidu yana jagorancin runduna, ya yi wasiyya a kai gawarsa iya inda za a iya kaiwa cikin ƙasar abokan gaba. Babbar ƙawanyar Musulmi kuwa ita ce ta 717 zuwa 718, zamanin Sulaimanu ɗan Abdulmalik, ɗan'uwansa Maslama ne kwamanda. Ga kuma hadisin nan da ya shahara na yabon sarkin da zai buɗe Kustantiniyya da rundunarsa.

Abu_Hafsa_Gombe:
Malam, wannan hadisin akwai magana a kan isnadinsa, wasu malaman hadisi sun raunana shi.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Wasu kuma sun inganta shi tun da daɗewa. Saɓanin sananne ne, kuma akwai wasu ruwayoyin a kan buɗe birnin da ba a yi jayayya a kansu ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Malamai, don Allah a kai bahasin isnadi zauren hadisi, can ne masu shi suke. A nan a ci gaba da ganuwa.

Malam_Na_Tudun_Wada:
To madalla. A kan 717 ɗin, abin da ya faru darasi ne ga tambayar da aka yi. Maslama bai ma yi yunƙurin fasa ganuwar da gaske ba, ya san ba za ta fasu ba. Ya gina tasa katangar ya kewaye ta tudu, ya dogara ga jirage su rufe teku, yunwa ta yi aikin. Amma Rumawa sun riga sun shirya, tun zamanin Anastasiyus na Biyu aka yi shela duk wanda ba shi da abincin shekara uku ya bar gari. Sabon sarki Liyo na Uku ya saki jirage masu feshin wutar nan da ruwa ba ya kashewa, wadda wani Kalinikus da ya gudo daga Sham ya kawo musu tun wajen 672, suka ƙone jiragen Musulmi. Sai hunturu mai tsanani ya sauka, ƙanƙara ta rufe ƙasa wata da watanni, dabbobi suka mutu, yunwar da aka shirya wa na ciki ta koma kan na waje. Da bazara jiragen agaji suka zo daga Masar, matuƙansu Kiristoci da yawa suka sauya sheƙa. Bulgarawa kuma suka far musu ta baya. Sulaimanu ya rasu, Umar ɗan Abdul'aziz ya hau, ya ba da umarni a dawo, aka janye a Agustan 718. Kun ga a nan ganuwa ta yi aikinta ba tare da an taɓa ta ba.

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
To ai ga maganata tana fitowa. Jirgi kuɗi ne, abincin shekara uku kuɗi ne, Bulgarawan ma ba don Allah suka zo ba.

'Yar_Maradi:
Ni mamaki nake an yi wannan doguwar magana ba wanda ya ambaci 1204. Mai tambaya ya ce ba a fasa ta ba ta tudu, gaskiya ne, amma an ci garin shekara 249 kafin Fatih, kuma Kiristoci 'yan'uwansu ne suka ci shi, mayaƙan Salibiyya na huɗu da mutanen birnin Banis na Italiya. Ba igwa, ba albarushi. A 1203 suka kama hasumiyar Galata, suka tsinke sarƙar da ke tare bakin mashigin, suka shigo da jiragensu. Ganuwar gefen ruwa guda ɗaya ce, ba ta kai ta tudu ba. Ranar 12 ga Afrilu 1204 suka ɗaure jirage biyu-biyu, suka kafa gadoji daga saman itacen filafilai zuwa kan hasumiyoyi, iska ta turo su har jikin katanga, wasu kuma suka fasa wata ƙaramar ƙofa da aka toshe da tubali suka kutsa ɗaya bayan ɗaya. Sarki Aleksiyus na Biyar ya gudu cikin dare. Kwana uku ana wasoso. Dawakan tagulla huɗu da ke cocin San Marko a Banis daga nan aka kwashe su. Ina jiragen da suka ceci garin a 626 da 717? Babu. Shugaban rundunar ruwa na lokacin, Mika'il Istirifnos, ya sayar da filafilai da anka da ƙusoshi ya zuba a aljihu, abin da ya rage tsofaffin jirage ne kamar 20 da gara ta cinye. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk tarihin.

Tsohon_Soja_63:
'Yata kin taɓo inda yake mini ciwo. Kayan aiki a takarda, a sito babu. Wanda ya taɓa shiga daji da bindigar da aka ce an gyara alhali ba a gyara ba, ya san me wannan ke nufi.

MaiTarihi_Damagaram:
Kuma yadda aka karɓo garin a 1261 ya ƙara nuna haka. Kwamanda Aleksiyus Istiratigopulos yana wucewa ne da mutum wajen 800, ya ji labarin sojojin Latinawa, wato Turawan da ke riƙe da garin tun 1204, da jiragen Banis sun fita kai hari wani tsibiri a Baƙin Teku. Mutanen karkarar wurin suka nuna masa hanya, wasu 'yan kaɗan suka shiga da dare kusa da Ƙofar Maɓuɓɓuga, suka buɗe wa sauran, ranar 25 ga Yuli. Haka ma Jastiniyan na Biyu a 705, ta cikin magudanar ruwa ya kutsa ya karɓe sarautarsa. Sai dai garin da aka karɓo a 1261 kufai ne in aka gwada da na da. Birnin da ake ƙiyasta ya kai mutum dubu ɗari huɗu ko fiye a zamanin ƙarfinsa, zuwa 1453 bai wuce kamar 50,000 ba, unguwanni sun koma ƙauyuka da gonaki a tsakaninsu.

Injiniya_Zazzau:
Duk na yarda, amma kada a rage wa igwa haƙƙinta. Murad na Biyu, mahaifin Fatih, ya yi ƙawanya a 1422, garin ma a lokacin ba mutane, ya tashi bai ci ba. Bayazid ya tsare shi daga 1394 har sai da Taimur ya karya shi a Ankara a 1402. Me ya bambanta 1453? Urban, maƙerin nan ɗan Hangari, wanda ya fara kai kansa wurin Kustantin na Goma Sha Ɗaya aka kasa biyansa, ya koma wurin Sultan. Babbar igwar da ya zuba tsawonta wajen mita 8, tana jefa dutsen da ya kai rabin tan, shanu 60 suka jawo ta daga Adirna. Ita kam sau bakwai kawai take tashi a yini saboda sai ta huce, amma akwai wasu wajen 70 tare da ita, kuma sun koyi harbi wuri uku, biyu a gefe ɗaya a tsakiya, don katangar ta zube. Ganuwar waje a kwarin Likus ta zama tsibin duwatsu. Wannan bai taɓa faruwa ba cikin shekara dubu.

Bakatsine_MaiTambaya:
Na ji Injiniya, amma bayan ta zube ɗin me ya faru? Jostiniyani, ɗan Janowa da ya zo da mutum 700 ya jagoranci tsaron ganuwar, kullum dare sai ya sa a toshe giɓin da kafi na itace da ƙasa da ɓaraguzai, a jera ganguna cike da ƙasa a sama, maza da mata har da yara suna ɗauko kaya. Kuma kafin ya fi dutse jure harbi, domin dutsen igwa nutsewa yake a cikin ƙasar. An kai hari ranar 18 ga Afrilu an kora, an sake a Mayu an kora. Mahaƙan azurfa da aka kawo daga Sabiya sun haƙa ramuka, wani Yohanas Girant ya gano su ɗaya bayan ɗaya. Har wazirin Sultan, Halil Basha, yana ba da shawara a janye.

Bakano_Ɗan_Ƙofar_Na'isa:
Wannan batu na ƙasa tana shanye harbi mun san shi a gida. Da Turawa suka zo Kano a Fabrairun 1903, igwoginsu ba su yi wa badala komai ba saboda kaurin ƙasarta, sai da suka juya kan ƙofa suka fasa ƙyaure. Kuma Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin barade.

'Yar_Maradi:
Mai tambaya, ka bar ranar 22 ga Afrilu. Da sarƙa ta hana jiragen Turkawa shiga mashigin, Sultan ya sa aka shimfiɗa gungume da aka shafe da kitse ta bayan Galata, aka jawo jirage wajen 70 ta kan tudu aka sauke su cikin ruwan. Ba su fasa ganuwar ruwa ba, amma dole aka ɗebi mutane daga tudu aka kai can. A lissafin da sakataren sarki ya yi, Rumawan da za su iya riƙe makami ba su kai 5,000 ba, in an haɗa da baƙi a ce 7,000 zuwa 8,000, a kan ganuwar da kewayenta duka ya kai kilomita 20. A waje kuwa ana maganar 80,000. Saboda ƙarancin nan ne ma ba su hau babbar ganuwar ciki ba, a ta waje suka tsaya, aka kulle ƙofofin bayansu.

Sarkin_Magina:
Wannan ban taɓa ji ba. Wato babbar, mai mita 12, ba kowa a kanta ranar ƙarshe?

'Yar_Maradi:
Kusan haka ne Baba. An tsara ta don sahu biyu na mayaƙa, na gaba da na sama, sai ga shi sahu ɗaya ma da ƙyar.

Tsohon_Soja_63:
Ku duba daren 29 ga Mayu da idon soja. An fara turo 'yan sa-kai, aka kora. Aka turo dakarun Anadolu, aka kora. Mutanen ciki su ne dai suke karɓar duka ukun ba hutu, su kuwa na waje sabbin jini ake sakowa. Da Janisari, zaɓaɓɓun dakarun Sultan, suka zo na uku ma an riƙe su wajen sa'a guda. Sai aka raunata Jostiniyani, ya nemi a buɗe ƙofar baya a fitar da shi, mutanensa suka ga an ɗauke shugabansu suka bi shi. Nan sahu ya watse. Da akwai runduna ta ajiya ko ta mutum dubu biyu a bayansu, da an cike gurbin.

Almajirin_Zaure:
Ni kuma na karanta cewa wata ƙaramar ƙofa aka manta ba a kulle ba.

MaiTarihi_Damagaram:
Karkoporta ke nan, ta gefen Balakarna. Marubuci ɗaya ne daga cikin na zamanin ya kawo labarin, kuma shi ba ya cikin garin a lokacin. Waɗanda suka ga abin da idonsu kwarin Likus suke ambata. Ni ba na ɗora nauyi a kanta.

Abu_Hafsa_Gombe:
Kuna ta lissafin raunin na ciki kamar na waje bai yi komai ba. Saurayi ɗan shekara 20 ya gina sansanin Rumeli Hisar a 1452 cikin wata huɗu da 'yan kwanaki ya toshe Bosforus, ya tanadi igwa, ya tanadi jirage, ya ƙi sauraron masu cewa a janye. Garin ya yi rauni tun 1261, sarakuna nawa suka zo suka wuce ba su ci ba? A ba shi haƙƙinsa.

Ummu_Safiyya:
Ba wanda ya hana shi, Malam. Ai abin da ya yi shi ne ya bi duk abin da ya ceci garin a baya ya toshe: teku, agaji daga waje, ga kuma ganuwa. Na baya kowa ɗaya yake kamawa ya bar biyu.

Injiniya_Zazzau:
To in haka ne @Bakatsine_MaiTambaya, ga tambaya gare ka. A ce mutum 30,000 ne a ciki amma igwa na nan, za su riƙe har yaushe? Kafi yana toshe giɓi, amma kullum giɓin faɗaɗa yake.

Bakatsine_MaiTambaya:
Har lokacin da sansanin waje zai gaji, kamar 626 da 718 da 1422. Ganuwa ba ta taɓa yin alkawarin fiye da haka ba, jinkiri take saya. Kuma a ƙarshen Mayu saura ƙiris, ana ta raɗe-raɗin jiragen Banis na tafe, Hangari na shirin motsi. Na yarda dai igwa ce ta gajarta lokacin da ake iya saya.

Ɗan_Kasuwar_Kwari:
Da an biya Urban albashinsa tun farko fa?

Injiniya_Zazzau:
Ko an biya shi ba su da tagullar da zai zuba, Alhaji. Ƙananan igwogin da suke da su ma in sun harba daga kan hasumiya girgizar tana tsaga ginin nasu, dole suka rage amfani da su. Ba a yi hasumiyoyin don ɗaukar igwa ba.

Sarkin_Magina:
Ɗalibi, in ka sake bi ta kwarin nan, don Allah ka ɗauko mana hoton inda katangar ta tsage kusa-kusa, ina so in ga cikin kwaɓin da kaurin tubalin. An ce wuraren da aka sabunta a shekarun 1980 sun fi tsohon ginin jin jiki a girgizar 1999, ina so in ga bambancin da idona.

Ɗalibi_a_Santambul:
In sha Allahu Baba, bayan jarrabawa. Sabon gyaran yana ta wajen Ƙofar Belgirad, dutsensa fari tas, ba ya ɓuya. Zan ɗauko duka biyun, in sa hannuna a jikin tubalin don ka gane girmansa.